Giga Uku Ya Ishi Tela

Auta ba mai riƙo ba ce. Haka kowa yake faɗa a gidansu, ita ma haka ta ɗauki kanta, har ranar da mijin yayarta ya laƙaba mata suna. Daga ranar ta gano ashe akwai wani ɗan lungu a zuciyarta inda abu kan daɗe a ajiye bai lalace ba.

Tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a wani layi mai hayaniya, da keken ɗinki biyu, da teburin yanka, da dogon madubi mai tsagewa a kusurwa. Bango ɗaya ya raba ta da Baba Tela, dattijon da ke ɗinkin maza, wanda tarinsa ma tana ji idan ya yi. Ta daɗe tana nuna wa mata samfurin ɗinki a 'yar wayarta, suna ƙanƙance ido suna cewa ba su ga wuyan rigar sosai ba. Shi ya sa ta yanke shawarar sayen tabulet, kwamfutar hannun nan mai faɗin fuska, don ta riƙa nuna ɗinki tana kuma shigar da awon mutane a ciki.

Wurin wa za ta je in ba wurin mijin Yaya ba? Injiniya ake ce masa, ko da yake babu wanda ya taɓa sanin makarantar da ta ba shi wannan suna. Wayoyi yake sayarwa, kuma irin mutanen nan ne da ko gaisuwa ka yi musu sai sun gyara maka ita.

"Yaya Injiniya, an ce mini in nemi mai giga shida ko takwas," in ji Auta.

Ya yi dariya har da buga kanta. "Wa ya ce miki? Zauna in koya miki, ƙanwata. Abu biyu ne a cikinta. Akwai ma'aji, inda hotuna ke kwana. Akwai kuma ƙwaƙwalwa, mu muna ce mata ram, ita ke riƙe abin da kika buɗe kina aiki da shi, girmanta ne ake aunawa da giga. To ke me za ki buɗe? Jirgi za ki tuƙa? Giga uku ya ishi tela, har ya yi mata yawa."

A bayansa kwalayen masu giga ukun ne jibge har kusa da rufi, ƙura ta fara hawa na sama. Auta ta gan su, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Mijin yayarta ne.

Da farko abin ya yi daɗi. Manhajar awon tana da gurabe a jere, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, tsawon riga, sai ka cike su duka sannan ka danna ajiyewa a can ƙasa. Matsalar ita ce babu telan kirki da ke gama awo bai duba irin ɗinkin ba, don inda hannun riga zai tsaya ya danganta da abin da mai kaya ke so. Dole a tsakiyar awo a leƙa samfuri, a dawo.

Ranar da matar likita ta zo da leshinta, wanda ta ce daga waje aka kawo mata don bikin kammala karatun 'yarta, Auta ta auna ta a natse tana shigarwa. Da aka zo kan hannu, matar ta ce a duba bidiyon da ta turo. Aka duba. Ta ce akwai kuma wani hoto da ƙawarta ta aiko, aka buɗe saƙonni aka duba shi ma. Kafin Auta ta koma kan awon, matar ta riga ta ɗauki jakarta tana karkaɗa makullin mota a bakin ƙofa.

Guraben nan duka fayau. Tabulet ta saki awon don ta samu wurin riƙe bidiyo.

Kiran matar ya kamata ta yi. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Amma ta yaya za ta ce wa matar likita, wadda yanzun nan ta gama yaba mata da cewa ta waye, wai sabuwar na'urar ta manta? Kunya ta hana ta. Ta cike guraben da ka, ta ci wasu, ta faɗi biyu. Ranar gwaji rigar ta ƙi rufuwa a baya, hannun kuma ya tsaya inda bai kamata ba, ga leshi an riga an yanka. Matar likita ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke kayanta a hankali ta fita, kuma ƙawayenta da ta jawo wa Auta suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya.

A gidan Inna ta ba da labarin, ranar da 'yan'uwa suka taru kamar yadda suka saba a ƙarshen mako. Da hawaye a idonta ta ba da shi, tana zaton Injiniya zai ce ta kawo a canja mata.

Ya gyara zama, ya dubi jama'a tukuna, don shi ba ya magana sai ya tabbata ana kallonsa. "Na'ura ba ta mantuwa, Auta. Mutum ke mantuwa. Ni dai a ganina tabulet lafiyarta ƙalau, kanki ne mai giga uku."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Inna ta yi, tana cewa Allah ya shirye ka. Yaya ma ta yi, ta rufe baki da gefen mayafi, kuma wannan ce ta fi yi wa Auta ciwo. Kafin a watse, 'ya'yan Yaya sun koma kiranta Anti Giga Uku. Sunan ya bi ta har layinsu, don Injiniya bai bar kowa bai ba shi labari ba. Mai kawo mata zare ma ya taɓa leƙowa ya ce, "Giga Uku tana ciki?" da zuciya ɗaya, yana zaton sunan shagon ne.

Auta ta shanye. Ta yi murmushi duk inda ya kamata a yi. Amma ta ci alwashi a ranta cewa sunan nan sai ta cire shi daga jikinta ta rataya wa mai shi, ko da zai ɗauke ta shekara.

Ba ta sayar da tabulet ɗin ba. Ta koma rubuta awo da alli a gefen yadi kafin ta shigar, ita kuwa na'urar ta zauna ta karance ta kamar yadda ake karantar halin maƙiyi. Ta gano hoto ɗaya ba ya sa ta mantuwa. Bidiyo shi kaɗai, wani lokaci ta riƙe, wani lokaci ta saki. Amma bidiyo, sannan a buɗe saƙonni, sannan a dawo, wannan kam ba ta taɓa tsallake shi ba. Auta ta gwada har ta gaji, kullum guraben fayau. Ta ajiye wannan sani a lungun nan na zuciyarta, ta ci gaba da taka kekenta.

Sai ga Injiniya zai buɗe sabon shago, babba, a bakin titi. Ya shigo wurinta da rana tsaka da leda a hannu, ya zazzage wani yadi ruwan toka mai sheƙi a kan teburin yanka. Mata biyu na zaune a benci suna jiran gwaji.

"Giga Uku, ga aiki. Yayarki ce ta saya mini, ta ce shi zan sa ranar buɗewa. Riga da wando. Ki nutsu fa, wannan ba leshin matar likita ba ne."

Kyauta take yi masa ɗinki tun da ya auri Yaya, bai taɓa cewa ko zaren nawa ne ba. Auta ta shafa yadin, ta san ranar da take jira ta zo.

"An gama, Yaya Injiniya. Bari in kira Baba ya auna ka, tsohon awonka ya yi maka kaɗan, ka yi ƙiba."

Ta ƙwanƙwasa bango. Baba Tela ya shigo da tef a wuya. Ita kuwa ta ɗauko tabulet ta miƙa wa Injiniya da hannu biyu.

"Kai za ka shigar da kanka. Ka san kaina ba ya riƙe abu."

Wannan magana ta yi masa daɗi ƙwarai. Ya karɓa yana duban matan nan biyu, ya ce su kalli yadda ake yi. Baba Tela yana aunawa yana faɗa, shi yana dannawa da yatsa ɗaya, ɗan ƙaramin yatsansa a ɗage sama. Kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsawon wando. Baba ya naɗe tef ɗinsa ya koma shagonsa. Saura gurbi ɗaya, na irin wuyan riga.

"Kafin ka ajiye, duba bidiyon nan ka zaɓi wuya," in ji Auta. "Akwai iri uku."

Ya duba, ya kushe biyu, ya kushe na ukun ma.

"To ai Yaya ta ce ta turo mini wani hoto. Buɗe saƙonni ka gani, ko shi ya yi maka."

Ya buɗe. Ya ce wannan ya fi. Auta ta juya masa baya tana gyara zare a keke, amma idonta yana kan madubi. A cikin madubin ta ga yatsansa ya koma kan manhajar awo, ta ga yatsan ya tsaya cak. Ta ga ya ja fuskar tabulet sama, ya ja ta ƙasa. Ta ga ya saci kallon matan da ke benci, waɗanda suka zuba masa ido suna jiran ganin yadda ake yi.

Ba ta so a ce ba ta ba shi ƙofa ba. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Lafiya dai? Ko in ƙwanƙwasa wa Baba ya sake?"

"Ya sake me? Komai na nan."

Bango ɗaya ne tsakaninsa da Baba Tela, ana ma jin tarinsa. Injiniya ya sunkuyar da kai ya shiga dannawa da sauri, ɗan ƙaramin yatsan nan ya sauko. Auta ta san abin da yake ji a wannan lokaci, ta san shi sarai, kuma ko kaɗan bai ba ta tausayi ba.

"Ka ajiye?"

"Na ajiye tsaf."

"Karanto mini in ji, don waɗannan bayin Allah su zama shaida. Kar gobe a ce Giga Uku ce."

Ya karanto da ƙarfi, har da gyaran murya. Ƙugun da ya faɗa na shekarun angoncinsa ne. Tsawon wandon da na hannun kuwa, Allah kaɗai ya san inda ya samo su.

Washegari Baba Tela ya leƙo aron alli, ya tarar ta shimfiɗa yadin ta zana. Ya tsaya ya dubi zanen, ya karkata kai.

"'Yata, wannan ba awona ba ne."

"Awon Injiniya ne, Baba. Da hannunsa ya shigar."

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Shi ma ya sha jin ana kiran sunan nan ta bango. Ya ɗauki allinsa, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita.

Da ta ɗauki almakashi sai Yaya ta faɗo mata a rai. Yadin nan Yaya ce ta saya, kuma Auta ta san ba da sauƙi ta saye shi ba. Saboda haka a ƙafar wando da ƙugu ta bar rara mai yawa, ta ninke ta ciki ta kwantar da ita yadda ido ba zai gani ba. Da ta zo kan hannun riga kuwa, sai ta tuna yadda matar likita ta ninke leshinta ba ta ce uffan ba, ta tuna gefen mayafin nan a bakin Yaya. Almakashin ya bi layin alli daidai, bai bar ko faɗin yatsa ba.

Ɗinkin da ta yi wa kayan nan ba ta taɓa yi wa kowa irinsa ba. Ko zare ɗaya bai karkace ba. Duk lokacin da Injiniya ya aiko a karɓa, sai ta ce saura guga, saura maɓalli, aikin babban mutum ba a yi masa gaggawa. Da safiyar ranar buɗewa ta kai kayan gidan Yaya da kanta, a goge, a cikin leda. A jakarta akwai tabulet, da almakashi, da reza, da allura da zare ruwan toka.

Falon cike yake. Inna ta zo, 'yan'uwan Injiniya sun zo, yara sun sha wanka suna zaune a takure don kar su ɓata kaya. Injiniya ya karɓi ledar ya shige ɗaki yana cewa an makara. Auta ta samu kujera kusa da Inna ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, hannunsa ɗaya yana riƙe da ƙugun wandon da ya ƙi haɗuwa. Ƙafar wandon ta tsaya can saman idon sawu, safarsa duka a waje har da ɗan ƙwauri. Hannun rigar ya ƙare tun kafin ya kai agogo. Wani ƙanensa ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa.

"Auta, mene ne wannan?"

Ta lura bai ce Giga Uku ba.

"Ɗinki ne, Yaya Injiniya. Akwai inda zare ya karkace?"

"Kin lalata mini yadi. Na ce ki nutsu, sai da na ce ki nutsu."

Ta buɗe jaka ba gaggawa, ta fito da tabulet, ta buɗe awon, ta miƙa wa Yaya tare da tef. "Yaya, auna kayan ki gwada da abin da ke nan. In inci ɗaya ya saɓa, ni zan biya yadin. Ban shigar da ko lamba ɗaya ba ranar. Shi ya shigar, shi ya ajiye, shi ya karanto a gaban mutane. Baba Tela yana nan da ransa."

Yaya ta auna hannun, ta dubi tabulet. Ta durƙusa ta auna ƙafar wandon, ta dubi tabulet. Ta miƙe ta dubi mijinta.

"To ko Baba ne ya yi kuskure?" in ji Inna.

"Sai a kira shi a tambaya, Inna," in ji Auta. "Shekara nawa yana awo, amma ai mutum ke mantuwa. Na'ura ba ta mantuwa."

Injiniya ya yi tsuru-tsuru. Ya san in aka kira dattijon, a gaban kowa zai sake auna shi. Wayarsa tana ta ruri a ɗaki, mutane sun taru a bakin sabon shago. Ya ce zai sa wasu kayan.

"Waɗannan za ka sa," in ji Yaya, a hankali. "Ni na saya."

Auta ta fito da rezar ta ɗora a gwiwarta. "Wandon yana da gyara. Tsawonsa da ƙugunsa suna nan a ninke a ciki, yanzu zan sake su. Abu ɗaya kawai nake so in sani tukuna, don kar in sake yin kuskure. Lambobin nan daga ina suka fito?"

Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, Yaya Injiniya. Inna ma ba ta ji ba."

"Ta goge," ya ce. "Da na dawo daga bidiyon, babu komai. Sai na cike da ka."

"Wace ce ta goge?"

"Tabulet ɗin."

"Ashe tana mantuwa. To giga nawa ya ishi tela?"

Gumi ya fara jiƙa sabon wuyan rigar da ya zaɓa da kansa. "In za a riƙa buɗe abu biyu uku a tare, shida. Takwas in da hali."

"Ka san haka ranar da ka sayar mini?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon safarsa, kowa a falon ya gane. Inna ta kawar da kai. Yaya ta tsaya da tef a hannu tana kallon ƙanwarta, wannan karon babu mayafi a bakinta.

Auta ta sa aka miƙo mata wandon ta bayan ƙofa. Ta farke kalmasar da reza, ta saki ƙugun, ta mayar da ɗinki da allura, ba ta yi sauri ba kuma ba ta ja lokaci ba. Ranta fari ƙal. Da ya sa, wandon ya zauna masa kamar a jikinsa aka halicce shi. Ya miƙo mata hannayensa biyu, wuyan hannun a waje, kamar mai jiran a zuba masa ruwa.

"Saura hannun."

Ta mayar da rezar cikin jaka ta ja zif.

"Wannan babu rara. Bashin leshin matar likita ne."

Haka ya tafi. A bakin sabon shago an ɗaura kirtani mai ado, jama'a sun cika, masu ɗaukar hoto sun ɗaga wayoyi. Ta cikin gilashi ana hango kwalayen nan masu giga uku, an kwaso su daga tsohon shago an goge musu ƙura an jera. Injiniya ya tsaya yana ta jan hannun rigarsa ƙasa, yana saki yana komawa. Aka nemi almakashin yanka kirtani, aka ga an baro shi a gida.

Auta ta buɗe jakarta ta zaro nata, wanda ya yanka yadin, ta ba Yaya. Yaya ta karɓa, ta ratsa mutane har gaban mijinta, ta miƙa masa. Ba ta ɗaga murya ba, amma na kusa duk sun ji, yaran ma sun ji.

"Ungo, Giga Uku. Yanka mu tafi."